Yadda za ka tsaya wa yaronka idan zai shiga aji ɗaya na sakandare

Yaron da zai shiga JSS1 yawanci shekarunsa 11 ne zuwa 13, amma mu iyaye da zarar an ɗinka masa sabon yunifom an rataya masa jaka sai mu ɗauka ai ya girma, mu ce masa "ka yi karatu fa" shi ke nan mu koma harkokinmu. Alhali a duk shekaru shidan da zai yi a sakandare babu lokacin da ya fi buƙatarmu irin wannan zangon na farko, daga Satumba zuwa Disamba. Jiya a aji shida shi ne babba, malami ɗaya ko biyu ne ke shiga ajinsu sun san sunansa sun san gidansu, yau kuma shi ne ƙaramin kowa, malamai kusan goma kowa ya shigo ya yi minti 40 ɗinsa ya fita babu mai lura ko ya gane ko bai gane ba, ga siniyoyi wasu har da gemu, ga darussa sun haura goma kuma kusan duk da Turanci ake yin su. To ga yadda uwa da uba za su bi abin daki-daki, ko makarantar jeka-ka-dawo ce ko ta kwana, ko da kuwa su kansu ba su yi boko ba.

Ka je ka ga makarantar da idonka

Tun kafin a biya ko sisi ka taka da ƙafarka ka je. Kar ka tsaya a "ai ɗan wane can yake kuma an ce tana da kyau". Kuma kar ka je ranar da suka shirya wa baƙi, ka je ranar Talata ko Laraba wajen ƙarfe 11 na safe ana tsakiyar karatu, ka ga malamai suna aji ne ko suna gindin bishiya, yara a benci suke ko a ƙasa, mutum nawa ne a aji ɗaya. Ka roƙa a nuna maka banɗaki, wannan kam kar ka ji nauyi, musamman in 'ya mace za ka kai, don yara mata da yawa fashin makarantarsu daga rashin banɗaki mai ƙofa da ruwa yake farawa. In ta kwana ce ka ƙara da ɗakin kwana da kicin da inda suke ɗebo ruwa, famfo ne ko burtsatse ko kuwa sai sun fita waje da bokiti, sannan ɗakin shan magani, akwai nas da ke kwana a cikin makarantar ko kuwa in yaro ya tashi da zazzaɓi da tsakar dare sai gari ya waye.

Sai tsaro. Tun abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020 da na Jangebe a Fabrairun 2021, inda aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantun kwana, babu uban da za a ce ya zaƙe don ya tambayi ina katanga, masu gadi nawa ne, yaya nisan makarantar da gari da jami'an tsaro. Ni a ganina yaro ɗan shekara 11, in akwai ta jeka-ka-dawo mai kyau kusa da gida, a bar shi ya yi ƙaramar sakandare a gaban iyayensa, in ya so ya tafi ta kwana a SS1, wato ajin farko na babbar sakandare, lokacin ya yi ƙwari. Amma ba kowa ke da wannan zaɓin ba, wani ƙauyen babu sakandare sam, wani kuma yaron ya ci jarrabawar shiga kwalejin gwamnatin tarayya wadda NECO ke shiryawa ba za a ce ya bari ba. Kowacce aka zaɓa dai a je da yaron ya ga wurin kafin ranar farko, ya san ina ƙofa ina aji, tsoron ya ragu.

Takardu da suna

Wannan mutane suna raina shi, kuma shi ne yake zuwa ya hana yaro shiga jami'a bayan shekara shida. Sunan da aka rubuta masa a rajista ranar shiga JSS1 shi zai bi shi har jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare a aji uku, har WAEC da NECO, har JAMB, ita kuma JAMB tun 2021 ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN. Sai ka ga a takardar haihuwa an rubuta Muhammad, a firamare Mohammed, a NIN Muhammadu, ko a nan Aisha a can Aishatu, ko an sa sunan kaka a gurbin na uba, wani ma sunan da ake kiransa a gida irin su Abba ko Ummi ko Baffa shi yayansa ya faɗa wa malami ranar da ya raka shi, aka rubuta haka. Daga baya sai an shiga kotu rantsuwa da zaryar ofisoshi da kashe kuɗi.

To ka zauna ka tsayar da suna guda, harafi da harafi, da ranar haihuwa guda. In babu takardar haihuwa ka nemi ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ka yi masa NIN da wannan sunan, ka rubuta shi da manyan baƙaƙe a takarda ka miƙa wa mai rajista da hannunka, kuma ka leƙa ka ga abin da ya rubuta. Ka sayi fayil ɗaya ka zuba takardar haihuwa, shaidar gama firamare, takardar ɗaukarsa, rasidin duk kuɗin da ka biya da hotunan fasfo, asali ya zauna a gida kwafi ya tafi makaranta. Kuma don Allah a daina tsallake wa yara aji shida ana cusa ɗan shekara 9 a sakandare don a ce yana da ƙoƙari, ƙa'idar shiga jami'a shekara 16 ce, zai gama ya zauna jira, ga shi an kai shi cikin waɗanda suka fi ƙarfinsa tun bai iya wanke rigarsa ba.

Ka gwada karatunsa a lokacin hutu

Kar sakamakon firamare ya ruɗe ka, yaro zai iya zuwa na uku a ajinsu kuma bai iya karanta shafi guda ya fahimta ba. Ka saya ko ka aro littafin Turanci na JSS1, ka buɗe ko'ina ka ce ya karanta da ƙarfi, in ya gama ka rufe littafin ka ce ya gaya maka da Hausa me ya karanta. A nan ake gane gaskiya. Wani zai karanta tiryan-tiryan amma in ka ce me aka ce sai ya yi shiru yana wasa da yatsu, wani kuma tun a layin farko zai tsaya. In kai ba ka jin Turanci ka sa yayansa ko wani malami a unguwa ya yi, kai kuma ka zauna a wurin. Kar a yi masa dariya, kar a yi a gaban ƙannensa.

A lissafi ka duba ko ya haddace sau daga 2 zuwa 12, ko ya iya rabawa, ko ya san rabi da kwata in an rubuta su da lamba. Yawancin yaran da ke cewa sun tsani lissafi a sakandare ba wani abu ba ne, sau ɗin nan ne ba su riƙe ba, malami yana gaba suna baya suna ƙirga da yatsa. Sai saurin rubutu, don a sakandare malami cika allo yake ya goge ya sake cikawa, wanda hannunsa ke da nauyi kullum littafinsa rabi-rabi ne. Ka riƙa ba shi shafi ɗaya yana kwafa kullum.

In ka ga giɓi, minti 30 kullum na karatu da ƙarfi a tsawon hutun nan ya fi lesin mai tsada da za a fara bayan ya faɗi jarrabawa. In da hali a ɗauki mai lesin, amma ka gaya masa a fili karatu da sau kake so ya gyara, kar ya ɗauko manhajar JSS1 ya fara ɗura masa a kan tushen da babu.

Abin da ya kamata ya iya da hannunsa, da lafiyarsa

Wannan aikin uwa ne galibi amma uba ma ya sa ido. Wata guda kafin tafiya a sakar masa wankin kayansa, ya wanke ya shanya ya kwashe ya ninke, ya iya ɗinke maɓalli, ya iya ɗaura gidan sauro, ya iya tashi da asuba ba sai an yi ta bubbuga shi ba. Yarinya ta iya tsefe kanta ta wanke. Ko ɗan jeka-ka-dawo ne ya saba haɗa jakarsa da daddare da kansa yana duba jadawalin gobe.

In yaro yana fitsarin kwance har yanzu, kar a ɓoye a tura shi makarantar kwana a ce zai daina a can, ba zai daina ba, abin tsokana zai zama har ya tsani makarantar. A kai shi asibiti tukuna, in kuma dole ne tafiyar a sa wa katifarsa leda a gaya wa haus masta ko metiron, wato masu kula da ɗakunan kwana, a asirce. Haka in yana da asma ko sikila ko farfaɗiya, a rubuta a takarda a ba makaranta tare da maganinsa da lambar wayarka, don a san ba a sa shi aikin rana ko gudu kamar sauran. Wanda bai san nau'in jinin ɗansa ba, AA ne ko AS ko SS mai sikila, ya yi gwajin yanzu. A duba masa ido ma, yaro da yawa ana ce masa daƙiƙi ashe allon ne ba ya gani daga baya. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma akwai rigakafin cutar sankarar bakin mahaifa da gwamnati ta fara bayarwa a 2023, a tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.

Sayayya

Ka karɓi jerin kayan da makarantar ta bayar ka bi shi, kar ka ƙara da abin da suka hana don ranar shiga a bakin get za a zazzage akwatin a ƙwace. Na kwana dai an sani, akwatin ƙarfe da kwaɗo mai makulli biyu ɗaya ya zauna a hannunka, katifa, zanin gado, gidan sauro, bokiti, buta, tocila, kwano da kofi da cokali, sabulu da omo, sandal, yunifom aƙalla biyu, wasu makarantun har da tsintsiya da fatanya. Kar a manta rigar sanyi da bargo da basilin, don zangon farko yana shiga hunturu kuma yaro ba zai tuna da sanyi ba a watan Satumba. Komai a rubuta masa suna, bokiti da fenti, kaya kuma a ɗinke sunan da zare daga ciki, har takalmi.

Kayan ci a yi daidai. Garin kwaki, suga, madara, ƙuli-ƙuli, yaji, ɗan man gyaɗa, biskit, in da hali dambun nama, don gabzar makaranta ba kowa ke iya ci ba a makon farko. Amma kar a cika masa akwati da kayan gayu don a nuna ɗan gata ne, wallahi jawo masa ido kawai za a yi, kwana uku siniyoyi sun gama da su sun kuma san shi. A ƙulla su kashi-kashi a nuna masa wannan na makon farko wannan na biyu. Kuɗi kuma kar a damƙa masa gaba ɗaya, a ba shi kaɗan na hannu sauran a ajiye wurin malamin da makaranta ta ware, a rubuta. Na jeka-ka-dawo a tsayar masa da kuɗin mota da kuɗin tara tun farko, kuma ya karya kafin ya fita ko da koko ne da ƙosai.

Maganar da muke jin kunyarta

Wannan ita ce mafi nauyi kuma ita muka fi tsallakewa. Yaron nan zai balaga ne a cikin shekarun nan, in ba ku gaya masa ba wani zai gaya masa, kuma wanin ba lallai mai tsoron Allah ba ne. Uwa ta zaunar da 'yarta ta yi mata bayanin al'ada tun kafin ta gani, yadda ake sa audugar mata da yadda ake zubar da ita da wankan tsarki, ta sa mata audugar a jaka ko da ba ta fara ba, don kar ranar ta zo mata a tsakiyar aji ta ɗauka ciwo ne ta rasa wa za ta gaya wa. Uba ya zaunar da ɗansa ya gaya masa mafarki da wankan janaba. In kunya ta hana, a sa kawu ko gwaggo ko malamin Islamiyya da aka yarda da shi, amma a tabbatar an yi.

Sannan a gaya musu dukansu, mace da namiji, da kalmomin da za su gane ba da habaici ba: babu wanda ke da ikon taɓa maka al'aura ko ya ce ka taɓa tasa, ko siniya ne ko malami ko mai gadi ko ɗan uwa. Kar ka kwana gado ɗaya da kowa. In babba ya kira ka ɗaki kai kaɗai ka tafi da aboki ko ka tsaya a bakin ƙofa. Wanda ya fara ba ka kyauta yana cewa kar ka gaya wa kowa, to shi ne na farkon wanda za ka gaya mana. Akwai al'adar nan ta makarantun kwana da siniya ke ɗaukar ƙaramin yaro ya ce ɗansa ne ko ƙanwarta ce, wasu tsakani da Allah suke yi suna kare yaron, wasu kuma ta nan ɓarna take shigowa, don haka ka san sunan wannan siniyan ka gan shi da idonka.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne alƙawarin da za ka yi masa, ka ce duk abin da ya faru ka zo ka gaya min ba zan dake ka ba, ba zan ce kai ka ja ba, kuma ka cika. Yaran da ake cutarwa suna yin shiru ne saboda an tsorata su a can kuma suna tsoron bulala a gida. A wannan zaman dai a taɓo maganar ƙwaya da maganin tari da sholisho da shisha, a gaya masa yawanci aboki ne ke fara miƙa wa mutum kyauta, a koya masa yadda zai ce a'a ya bar wurin.

Ranar farko

Ka kai shi da kanka, Alhaji, ko da za ka rufe shago rabin yini. Kar a haɗa shi da direba ko almajirin gida. Ka nemi fom masta ɗinsa, wato malamin da ke kula da ajinsu, in ta kwana ce da haus masta ko metiron, ku gaisa ka gabatar da kanka ka karɓi lambarsu ka ba su taka, ka ce ga amana nan. Malamin da ya san fuskar uban yaro daban yake kallon yaron. Ka sa yaron ya haddace lambar wayarka da ta mahaifiyarsa a ka. Ka tambayi yaushe ne bizitin, wato ranar ziyarar iyaye, yaushe ake taron PTA na iyaye da malamai, ta yaya yaro ke kiran gida in ta kama.

In jeka-ka-dawo ne ku bi hanyar tare, ka nuna masa inda zai hau adaidaita sahu da inda zai sauka, lungun da ba a bi, da ƙarfe nawa ake sa ran ganinsa a gida. In akwai yaran unguwa masu hankali a haɗa su su riƙa tafiya tare. Hajiya kuma in za a rabu a daure, a yi masa addu'a a sa masa albarka, in kin fashe da kuka a gabansa shi zai kwana yana yi.

Makonnin farko a gida

Ɗan jeka-ka-dawo in ya dawo a bar shi ya ci abinci ya huta tukuna. Kuma kar a tambaye shi "ya makaranta", amsar "lafiya lau" ce kullum. Ka ce wa ke zama kusa da kai, wane malami ne ya shigo yau, me ka saya da kuɗin tara, wa aka daka yau kuma me ya yi. Daga irin waɗannan ƙananan tambayoyin labari ke fitowa, musamman in kuna tafiya masallaci ko uwa tana tsinken alayyahu yana gefe, ba a zaman tuhuma ba. In ya fara magana kar a katse shi da wa'azi.

Sau ɗaya a mako ka ce ya kawo littattafansa ka buɗe. Ko ba ka iya karatu ba za ka gane kwanan wata, za ka gane jan biro, za ka ga darasin da aka yi shafi goma da wanda tun makon farko babu komai. In littafi babu komai, ko dai malamin ba ya shiga ko yaron ba ya zama, kowanne ne kana buƙatar sani. A manna kwafin jadawalin darussa a bango. A ware masa awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi na bita, bayan Magariba ko bayan Isha, a kashe talabijin, a nema masa fitila mai caji, kuma a wannan lokacin kar a aike shi sayo magi.

Islamiyya kar a cire shi, amma a duba nauyin. Yaro ya fita ƙarfe 7 ya dawo 2, ya tafi Islamiyya 4 zuwa 6, da daddare hadda, ga lesin, ga ɗebo ruwa, ga jiran shago, sai ka ga yana gyangyaɗi a aji ana ce masa malalaci. Ɗan wannan shekarun yana buƙatar barcin awa 9 ko kusa da haka. A zauna a rage wani abu. 'Ya mace musamman, kar a ce sai ta gama wanke-wanke da shara da raino da talla sannan ta taɓa littafi alhali yayyenta maza suna ƙwallo, a raba aikin. Waya kuma ra'ayina ɗan JSS1 ba ya buƙatar babbar waya tasa ta kansa, in aikin makaranta ya buƙaci intanet ya yi a taka kana wurin, in don kira ne ƙaramar mai tocila ta isa, da daddare kuma ta kwana a ɗakin iyaye.

Bizitin, da yadda za ka gane akwai matsala

Bizitin na farko kar ka fasa shi ko me ake ciki. Yaro yana tsaye a bakin get tun safe yana leƙen kowace mota da kowane babur, iyayen wasu suna shimfiɗa tabarma ana buɗe kuloli, shi har La'asar babu kowa, wannan ba ya mantuwa. In ba za ka samu ba ka tura wanda ya sani kuma a gaya masa tun da wuri. In kun je a kai masa abincin gida, a ja shi gefe nesa da abokai, a duba jikinsa da kyau, kansa ko akwai makero ko kwarkwata, tsakanin yatsu ko akwai ƙazuwa, bayansa ko akwai shatar bulala, a buɗe akwati a ga me ya rage.

Kukan "ni gida zan koma" a makonni biyu ukun farko ba abin tashin hankali ba ne, kewa ce, a lallashe shi a ce ya ƙara haƙuri zuwa bizitin na gaba. Abin da za ka tsaya a kai shi ne in yaro mai surutu ya koma shiru, ko ya rame sosai, ko kullum da safe ciwon ciki ko ciwon kai amma ranar Asabar garau, ko kayansa da kuɗinsa suna ta ɓata ba bayani, ko ya dawo da abin da ba kai ka saya masa ba, ko ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, ko in an ambaci sunan wani sai ya firgita.

In ka gano ana cin zalinsa kar ka ce "ai haka makaranta take mu ma an yi mana", kuma kar ka ɗauki sanda ka tafi neman siniyan. Ka fara jin labarin duka, wa, yaushe, a ina, wa ya gani. Ka je wurin fom masta ko haus masta cikin mutunci, in ba a yi komai ba cikin 'yan kwanaki ka hau wurin shugaban makaranta da takarda a rubuce ka riƙe kwafi, ka roƙa kar a bayyana cewa yaronka ne ya kai ƙara don kar a huce a kansa bayan ka tafi. In kuwa maganar taɓa jiki ce ko rauni, a ranar za ka ɗauke shi, asibiti tukuna sannan hukuma, kar ka yarda a ce a rufa a sasanta don sunan makaranta. Haka in malami ne yaron ya kawo ƙararsa, kar ka zagi malamin a gabansa, ka je ka ji ta ɗaya ɓangaren.

Abokansa kuma ka ce ya kawo su gida su ci abinci, ka san sunayensu da na iyayensu, ya fi ka hana shi abota ya koma yi a ɓoye.

Sakamakon zangon farko da hutu

Ka gaya masa tun farko cewa makin ba na jarrabawar ƙarshe kaɗai ba ne, gwaje-gwajen tsakiyar zango da aikin gida suna da kasonsu, yaro da yawa a nan suke zubar da maki don sun ɗauka wasa ne. In sakamako ya fito ka karɓa da kanka. Wanda ya saba zuwa na ɗaya a firamare zai iya dawowa na 20, don yanzu ya haɗu da na ɗayan wasu makarantun, kar a tara masa 'yan gida ana gori ana kwatanta shi da ɗan maƙwabta. Ka bar kallon na nawa ya zo, ka bi darasi-darasi, ka yaba inda ya yi kyau, ka zaɓi biyu mafi rauni ka tambaye shi me ya faru, sannan ka tambayi malaman darussan. In Turanci da lissafi ne a fara da su, don su ne za su bi shi har ƙarshe.

Ka ajiye takardar sakamakon a fayil ɗin nan, ka riƙa haɗa ta da na gaba. Bayan shekara uku in ya rubuta BECE za a zo zaɓen kimiyya ko adabi ko kasuwanci a SS1, masu son makarantun kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a Kano kuma sai sun ci jarrabawar shiga, to waɗannan takardun su za su nuna maka inda yaron ya fi ƙarfi, ba burinka na a ce ɗanka likita ne ba.

Ɗan makarantar kwana in ya dawo hutu kar a shigar da akwati da katifa ɗaki kai tsaye, a baza su a rana a wanke kayan da ruwan zafi saboda kuɗin cizo. In yana zazzaɓi a yi gwajin maleriya kafin a ba shi magani. A bar shi ya yi barcinsa ya ci ya ƙoshi kwana biyu uku, sannan a zauna da jerin kayan nan na farko a ga me ya ɓata, me bai yi amfani da shi ba, me yake so a ƙara masa kafin komawa a Janairu.